Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga lauyoyin Kano: ku ara mana mutum ɗaya ranar Talata

Zuwa ga shugabanni da mambobin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya da ke Jihar Kano, da Hukumar Ba da Agajin Lauya ga Marasa Ƙarfi, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, ni likitar yara ce a wani asibitin gwamnati a cikin birnin nan. Na san ba a saba ganin likita ya aiko wa lauya takarda ba. Yawanci taku ce take iso mu, kuma duk wanda masinja ya miƙa wa ita a bakin aiki, ranar ko abinci ba ya masa daɗi. Ni da ƙoƙon bara na zo. Amma kafin in faɗi buƙatata, ku yi haƙuri ku ji labarin yaron da ya sa na ɗauki alƙalami.

Watansa goma sha huɗu lokacin da aka fara kawo mana shi. Na zagaya damtsensa da igiyar awo, ta tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Tamowa ce mai tsanani. Ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja yana zuba, ga zawo. Muka ba shi gado, muka fara ɗura masa madarar asibiti ta bututun hanci, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Kwana goma sha biyu sai ga shi zaune yana fizgar abin sauraron ƙirji daga wuyana. Muka sallame su da ledojin abincin gyaɗar nan da ake ba masu tamowa, na mako guda, a riƙa dawowa ana karɓa. Bayan wata biyu aka dawo da shi yadda aka kawo shi da farko. Muka sake tayar da shi. Bayan wata uku ga shi nan kuma, wannan karon har da limoniya a kai.

A irin wannan hali abin da muka iya shi ne faɗa. Sista ta yi wa uwar faɗa, ni ma na ɗora nawa: “Ba mun ce shi kaɗai za ki riƙa ba wa ba? Magani ne fa, ba alewa ba.” Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. An kwana ana ruwa ranar, layi bai yi tsawo ba, shi ya sa na ja kujera na zauna, na yi tambayar da ta kamata in yi tun zuwansu na farko.

“Baiwar Allah, wai ina baban yaron nan?”

“Yana nan, likita. Yana kasuwa.”

“Lafiyarsa ƙalau?”

“Ƙalau. Shagonsa biyu ma.”

“To me yake aiko muku?”

“Tun da ya ba ni takardata ina da cikin wannan, ko sabulu.”

’Ya’yanta uku. Ta koma gidan mahaifinta, tsoho ne, tukunya kuma ta kishiyar uwa ce. Leda ɗaya uku take raba ta, don ba za ta iya zama yayyen biyu sun zuba wa ƙaramin ido yana lasa ba. Wani makon ta sayar da guda biyu ta auno garin masara. Na ce me ya hana ta kai shi gaban alƙali. Ta ɗago ta dube ni kamar na ce ta faɗa rijiya. “An ce in na kai shi ƙara kwashe su zai yi ya kai wa amaryarsa.”

Ina da ƙane lauya. Da daddare na kira shi na ba shi labari, ban ambaci suna ba. Ban rufe baki ba ya ce, “Yaya, wa ya gaya mata haka?” Ya ce a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da ita, riƙon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, kuma ko uwar ta yi wani aure, kakarsu ta wajen uwa ce a gaba. Yana nan a Risala, wadda ɗaliban zaure ke bita. Ci da sha da suturar yaran kuwa suna wuyan uba. Ya janyo mini aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ: wadda aka saka da ciki a ciyar da ita har ta haihu, in ta shayar a biya ta ladan shayarwa. Na sha karanta ayoyin nan. Ban taɓa haɗa su da gado mai lamba shida, inda yaron nan ke kwance, ba.

Da yardarta ya rubuta takarda shafi ɗaya, ya buga hatimi. Ba a ma fara da kotu ba. A zauren mai unguwa aka zauna, da liman da kawun yaran, aka yanka abin da zai riƙa bayarwa duk wata, kuɗi da kwanukan hatsi. Ya yi wata huɗu yana bayarwa, ya daina. Sai da aka je gaban alƙali ya yanke hukunci, kuma har yau wani watan sai an bi shi da tuni. Ba zan ce muku tsugune ta ƙare ba. Amma yaron bai sake kwana a ɗakinmu ba. Awo kawai ake kawo shi, igiya tana tsayawa a kan kore.

Na daɗe ina lissafin abin nan. Kwanciya uku, gado, madara, allurai, oksijin, kwanan ma’aikata a tsaye, duk muna zuba ruwa a kwando, alhali abin da zai toshe kwandon takarda ce shafi ɗaya. Kuma dace ne kawai ya kai matar ga takardar: an yi ruwa, na sami sararin zama, ina da lauya a gida. Ranar da ba a yi ruwa ba fa? Likitan da ba shi da ƙane lauya fa?

Zan faɗa muku wani abu da ba ma faɗa a taro. Da yawanmu mun daina tambaya. Mun san amsar da za ta fito in muka ce “ina mijin?”, ko “a ina kuke kwana?”, ko “har yanzu kana wurin aikin?”, kuma mun san ba mu da abin yi da ita. In ka buɗe wa mutum baki ya zazzage maka damuwarsa, ƙarshe ka ce Allah Ya kawo sauƙi, ka sa hannu a aljihu ka ba shi kuɗin adaidaita, ka kira na gaba. In ka yi haka sau ɗari, zuciyarka da kanta za ta koya maka ka tsaya a kan zazzaɓi da tari. Masu ganinmu daga waje suna cewa rashin tausayi ne. Wani lokacin haka ne. Sau da yawa kuwa gudun tono abin da ba ka da inda za ka kai shi ne.

Abin da nake roƙo ba ni na ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1993 shugaban sashen yara na asibitin birnin Boston a Amurka, Dakta Barry Zuckerman, ya gaji da ganin yara masu asma ana sallamarsu su koma gidajen haya masu danshi da funfuna da kyankyasai, su dawo. Likitoci su rubuta wa masu gidajen takarda, a yi biris da ita. Sai ya ɗauki lauya aiki a cikin sashen, albashinsa daga asibiti. Takardar da aka raina daga hannun likita, da ta fito daga hannun lauya tana ambaton dokar gidaje, sai ga masu gyara. A 2006 aka kafa cibiya ta ƙasa don yaɗa tsarin, yau ɗaruruwan asibitoci da cibiyoyin lafiya a Amurka suna da lauyoyi a jikinsu. A Cincinnati, inda asibitin yara ya ƙulla irin wannan haɗin gwiwa da ƙungiyar agajin lauya a 2008, lauyoyin ne suka lura cewa yaran da likitoci daban-daban ke turo musu da kukan gidan da ya lalace, duk a gidajen kamfani ɗaya suke zaune. Kowane likita yaro ɗaya ya gani. Da takardun suka taru a teburi ɗaya sai ɓarnar ta fito fili, aka tilasta gyara har ga maƙwabtan da ba su taɓa zuwa asibitin ba. A Ingila kuma an daɗe ana ajiye masu ba da shawara na Citizens Advice a cikin ɗakunan shan magani na unguwanni.

Tun kafin su ma, wajen 1967, akwai Dakta Jack Geiger a ƙauyen Mound Bayou na Jihar Mississippi, wanda ya riƙa rubuta wa yaran baƙaƙen fata masu tamowa madara da nama da kayan lambu a takardar magani, a je kanti a karɓa, asibiti ya biya daga kuɗin magunguna. Da jami’an gwamnati suka tuhume shi, ya ce iyakar abin da ya gani a littafin likitanci, maganin yunwa abinci ne. Duk likitan yara da ya ji labarin nan sai ya yi murmushi, don ya san wurin.

Kada wani ya ce ai wannan Amurka ce. Mun ga namu a Zamfara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma a ƙauyen Bagega ta kasa farawa, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi tsakar gidan da ƙasarsa ke cike da guba, an yi ba a yi ba. Sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa, wannan kuwa kuɗin gwamnatin tarayya yake jira. Aka yi ta matsin lamba, masu kare haƙƙin ɗan Adam da matasa a intanet, har aka saki kuɗin a farkon 2013, sannan magani ya yiwu. Likitocin suna nan, maganin yana nan, abin da ya tsare hanya yana kan teburin wani ofishi a Abuja.

Abin takaicin ma, dokokin da za su taimaki marasa lafiyarmu an riga an yi su. Suna cikin kabad ɗinku, mutanen da aka yi su dominsu kuma suna kan bencinmu, ba mai haɗa su. Wani abokin aikina likitan ƙashi ya ba ni labarin saurayin da injin narka roba ya datse wa yatsu huɗu na hannun dama a wata masana’anta. Yana kwance ko zaren ɗinki ba a cire ba, aka aiko masa da ambulan mai ’yan dubbai da wata takarda da Turanci, aka dangwala masa babban yatsan hagu a tawada. Da ya warke ya koma, maigadi ya ce an ɗauki wani. Abokina ya yi aikinsa tsaf, ciwo bai ruɓe ba, dungulmin ya warke da kyau. Sai bayan fiye da shekara, a wajen wani ɗaurin aure, wani lauya ya gaya wa abokin nawa akwai dokar biyan diyyar ma’aikata ta 2010: mai masana’anta yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma’aikatansa a asusun inshorar gwamnati na NSITF, wanda ya ji rauni ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara guda. Takardar da aka sa shi ya dangwala wa yatsa kuwa, dokar ta ce duk yarjejeniyar yafe wannan haƙƙi ba ta da ƙarfi. Kwana 14 ɗin nan a hannunmu saurayin ya yi su. Mu ne muke kansa safe da yamma, kuma ba wanda ya sani a cikinmu.

Haka dokar 2014 da ta hana korar mutum daga aiki don yana ɗauke da cutar HIV, da ta masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta tanadi asusun marasa galihu. Mai tarin tibi da maigidansa ya sallama don ya ga yana zuwa karɓar magani duk wata, ya daina zuwa don ya riƙe aikin gaba. Bazawarar da hawan jininta ya ƙi sauka duk ƙwayoyin da muka haɗa mata, ashe ’yan uwan marigayin sun ce ta fita daga gidan tana gama takaba, ba wanda ya yi zancen tumuninta balle rabon marayu. Mai sikila da aka ba wa notis a tsakiyar hunturu. Kowane likita a garin nan zai ba ku irin waɗannan har dare ya yi.

To, kada in yaudare ku da cewa duk mun yarda. Na kawo maganar a ɗakin da muke shan shayi, kuma da kun ji yadda aka kwashe da kun san aikin ba ƙarami ba ne.

Wanda ya fara magana babba ne a cikinmu, ya koyar da rabinmu. Ya ajiye kofi ya ce, “Dakta, kura za ki kawo mana cikin garke? Mutumin da zai zauna a nan yana jin wa aka yi wa aiki ya mutu, wa aka makara ba a duba ba?” Ba wanda ya yi dariya. Muna aiki a inda wuta kan ɗauke ana tsakiyar tiyata, inda likita ɗaya kan kwana da ɗakuna uku. Kowannenmu yana da daren da ba ya son a tambaye shi a gaban alƙali. Ban ce tsoron nan duk gaskiya ne ba. Wani ɓangarensa son a bar mu ba mai sa mana ido ne, kuma majiyyacin da aka yi wa sakaci yana da haƙƙin ya nemi lauya, ba na jayayya da wannan. Amma in teburin da nake roƙo ya zama wurin farautar ƙararrakin sakaci, cikin mako biyu ba likitan da zai sake turo muku ko mutum ɗaya. Can inda suka riga mu, a rubuce suke ajiyewa cewa lauyan haɗin gwiwa ba ya karɓar ƙara a kan asibitin da yake zaune a ciki. Mai irin wannan kuka a nuna masa wata ƙofa, a fili, ba a danne shi ba.

Na biyu ya fi na farko zafi, kuma a nan laifin yana wajenku. Wata abokiyar aikina ta taɓa rubuta rahoto a kan yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Sammaci ya zo. Ta bar marasa lafiya a layi ta je kotu ƙarfe tara, ta zauna har azahar, aka ce lauyan wanda ake tuhuma ya aiko da uzuri, an ɗage. Sau huɗu tana zuwa. Ranar da aka kira ta, aka shafe rabin sa’a ana tambayarta shekarar da ta gama makaranta da ko ta tabbata ita ta rubuta abin da ke ɗauke da sa hannunta. Ta ce mini, “Wallahi tun daga ranar in na ga irin wannan kes gabana faɗuwa yake.” Ku ne kuke da bakin magana da Babban Jojin Jiha da Alƙalin Alƙalai. Ku nema mana a riƙa sa wa shaidar likita ƙayyadadden lokaci, a saurare shi da farko ya koma bakin aikinsa. Mu kuma ku koya mana rubuta rahoton da zai tsaya a kotu, don gaskiya ba a koya mana sosai ba, kuma na san rahotanninmu sun sha kashe shari’ar da ta kamata a ci.

Sai maganar sirri. Mace takan faɗa mini abin da ba ta faɗa wa uwarta ba, don ta san a ɗakin zai tsaya. Sashe na 26 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana mu fitar da bayanin majiyyaci sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda doka ta wajabta. A rubuce, ga mutanen da da yawansu ba sa karanta boko. In ba a yi hankali ba, mu ma dangwala yatsan nan za mu riƙa sa su yi, kamar masu injin roba. Dole a karanta mata da Hausa, ta san me za a faɗa wa lauya da me ba za a faɗa ba, ta kuma san in ta ce a’a maganinta ba zai ragu da ƙwaya ɗaya ba.

Wata tsohuwar sista, wadda ta fi mu sanin gidajen mutane, ita ta kawo abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta ce, “Likita, ke kin tashi aiki kin shiga motarki. Ita ce za ta koma gidan ta kwana da mutumin da aka aika wa takardar lauya.” Gaskiya ta faɗa. Akwai matar da takarda za ta cece ta, akwai wadda za ta jawo mata duka ko saki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa ba mai son yin suna nake nema ba. Ina neman wanda ya san lokacin da za a kira kawu, lokacin da za a je wurin mai unguwa ko Hisba ko ɗakin sulhu na kotu, da lokacin da babu makawa sai gaban alƙali. Ko a Ingila an ga inda shigar lauya ta zama dalilin jinkiri: a garin Rochdale, a Disambar 2020, yaro ɗan shekara biyu, iyayensa ’yan asalin Sudan, ya mutu saboda funfunar gidan haya. Ma’aikaciyar lafiya ta rubuta wa masu gidan, uban ya ɗauki lauya, su kuma tsarinsu shi ne in magana ta shiga hannun lauyoyi a dakatar da gyara sai an daidaita. Sai bayan rasuwarsa aka yi dokar da ta yanka wa masu gidajen wa’adin gyara.

Wani matashin likita kuma ya yi tambayar da kowa ya yi shiru. Ya ce in wanda ya danne haƙƙin majiyyacin mu ne fa? Sashe na 20 na waccan dokar lafiya ta 2014 ya ce ba a mayar da mai buƙatar agajin gaggawa saboda kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar 2017 ta ce wanda aka harba a duba shi ba tare da jiran takardar ’yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Amma wa zai biya jinin da zaren da ruwan? Asusun kula da lafiya a matakin farko, mai kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, an ware kashi 5 cikin 100 nasa don gaggawa, sai dai likitan da ke tsaye ƙarfe biyun dare ba ya ganin kuɗin a durowarsa. Ban da amsar da zan ba shi. Na dai ce in akwai lauya kusa, wataƙila karo na farko za a sami wanda zai bi mana sawun kuɗin nan, maimakon a bar mu da dangin majiyyaci muna kallon-kallo.

Waɗanda ba su yi gardama ko kaɗan ba su ne ma’aikatan ofishin walwala. Su kam cewa suka yi, yaushe za a fara? Su ne ake tura wa duk wanda aka rasa yadda za a yi da shi, aikinsu ya koma bin masu hali a waya ana roƙon kuɗin magani. Suna da littafi cike da sunayen matan da aka gudu aka bari a kan gado. Ta hannunsu ya kamata komai ya bi. Likitan da ke ganin mutum sittin kafin azahar ba zai iya zama da kowa ba, amma zai iya yin tambaya uku, ya yi alama a kati, ya ce a je ɗaki kaza. In mun san akwai ɗaki kaza, za mu koma tambaya.

Ga roƙon, kuma ba mai tsada ba ne. Kun riga kun san hanyar. Hukumar Agajin Lauya tana da tsarin tura lauyoyi ofisoshin ’yan sanda su duba waɗanda ke tsare, don an gane talaka ba zai zo ofishinku ba, sai ku je inda yake. To asibiti ma yana nan, kuma ya fi yawa. An ma gwada a ƙaramin mataki: cibiyar Mirabel da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ikeja a 2013, da cibiyar Waraka a nan Asibitin Murtala, sun nuna ana iya haɗa magani da neman haƙƙi a ƙarƙashin rufi ɗaya ga waɗanda aka ci zarafinsu. A faɗaɗa shi ya kai ga ciyarwa da gado da haya da raunin wurin aiki. Dokar hukumar ta 2011 ta ambaci diyyar ma’aikata a cikin ƙararrakin da take ɗauka, ta kuma buɗe ƙofa ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 tun 2024. Ku zo ku dubi bencinmu ku ga mutum nawa ne suka haura haka.

Ma’aikata kuma kuna da su. Ga lauyoyi masu hidimar ƙasa. Ga ɗaliban shari’a na Jami’ar Bayero da ke da ɗakin ba da shawara kyauta, wanda na ji ku ma kilinik kuke ce masa, sai dai ba a yin allura. Ga masu neman muƙamin babban lauya na SAN, da doka ta ce sai sun nuna ƙararrakin da suka yi kyauta. A sami babba ɗaya ya tsaya a kansu. A sami mace a ciki, don akwai maganar da ba za a faɗa wa namiji ba ko da wuƙa a wuya. Ya zama mai jin Hausar mutanen ƙauye, wanda ya san kotun shari’ar Musulunci kamar yadda ya san ta majistare, don yawancin abin da zai tarar can za shi.

A fara da asibiti biyu ko uku, safiya ɗaya a mako, na wata shida. Mu za mu riƙe lissafin waɗanda muka turo da sau nawa suka sake kwanciya, ku ku riƙe na abin da aka warware da wanda ya gagara. In an zauna an duba ba a ga amfani ba, kowa ya koma inda ya fito, ba wanda ya ci bashin wani. In an gani, sai mu ɗauki takardun tare mu je wa Kwamishinan Lafiya da na Shari’a, don aikin sa kai yana da iyaka, kuma na san ku ma kuna da haya da kuɗin makaranta.

A asibitinmu Talata ce ranar awon masu tamowa, ita ce ranar da iyaye mata suka fi cika. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da ofishin kati da aka tara karyayyun kujeru a ciki. Na yi magana da metiron, ta ce in an sami mai zuwa za ta sa a kwashe su a share, ta kuma ba da labule, don kada na kan layi su ga wadda ta shiga. Fanka ba ta aiki, gara ku sani tun yanzu. Muna fara ganin mutane ƙarfe takwas.

Wassalam.

Taku,
wata likitar yara a Kano